Rana ta Sittin da Ɗaya: Tarken Littafin Under the Skin na Linda Villarosa

A garinmu, idan mace ta haihu, kwana arba'in ake ƙirga mata. Cikin waɗannan kwanaki ba ta daka, ba ta ɗaukar tulu. Ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, in kuma haihuwar fari ce, gidan iyayenta take komawa a kula da ita. Ranar arba'in sai ta ci ado ta fita yawon gaishe da dangi, kowa ya ɗauka ta ƙetare siraɗi. Likitoci ma suna da lissafi mai kama da wannan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa mutuwar mace cikin mace-macen haihuwa ne idan ta faru tana da ciki ko cikin kwana 42 bayan ta sauka. Gwamnatin Amurka kuwa, shekara da shekaru nata lissafin kwana 60 ne. Matalauciyar da ta samu inshorar gwamnati ta Medicaid albarkacin cikin da take ɗauke da shi, doka ta tanadar mata kulawa har kwana 60 bayan haihuwa. Daga nan, a jihohi da yawa a wancan lokacin, sai a zare sunanta daga rajista, ko ta warke ko ba ta warke ba.

Da wannan lissafi a raina na karanta Under the Skin, wato abin da ke ƙarƙashin fata, littafin da 'yar jarida Linda Villarosa ta fitar a 2022, wanda ya kai matakin ƙarshe na gasar Pulitzer a 2023. Jigonsa shi ne cewa wariyar launin fata tana ratsa jikin baƙar fatar Amurka, ta tsofar da shi kafin lokacinsa, sannan in ya kai kansa asibiti ta sake tarar sa a can. Na gamsu da wannan jigo. Ƙorafina yana kan wata dabarar kafa hujja da littafin da ire-irensa suka dogara da ita, da kuma abin da dabarar take bari a zuciyar mai karatu bayan ya rufe shafin ƙarshe.

Sai dai adalci ne in fara da abin da marubuciyar ta iya, kuma ta iya da yawa. Ta buɗe littafin da amsa laifin kanta. A shekarun da take editar sashen lafiya a mujallar Essence ta matan baƙaƙen fata, ta yi imani cewa talauci da ƙarancin sani su ne tushen ciwon mutanenta, don haka ta duƙufa tana yi musu nasiha: a gyara cimaka, a motsa jiki, a riƙa ganin likita. Daga baya ita kanta, mai ilimi, mai aiki, mai likita na kirki, ta haifi 'ya wadda nauyinta bai kai yadda ake so ba. Marubucin da ya fara da nuna inda ya yi kuskure yana sayen amanar mai karatu da arha, kuma Villarosa ba ta ɓarnatar da wannan amana ba.

Inda alƙalaminta ya fi kaifi shi ne labarin wata mata 'yar New Orleans, wanda ta fara bugawa a mujallar jaridar New York Times a watan Afrilun 2018. Matar tana da ciki a 2016, ta yi ta kai kukan ciwon kai mai tsanani da kumburin jiki, likitanta yana ce mata ta sha Tylenol. Ranar da aka auna jininta aka ga ya hau, shawarar da ta samu ita ce ta kwantar da hankalinta. Kwanaki kaɗan bayan haka jini ya ɓalle mata, mabiyiya ta rabu da mahaifa, aka ciro 'yar babu rai, ita ma da ƙyar ta sha. Da ta sake samun ciki, sai ta haɗu da wata mai rakiyar naƙuda, irin matan nan da aikinsu shi ne su tsaya kusa da mai haihuwa su zame mata ido da baki, kuma marubuciyar da kanta ta shiga ɗakin haihuwar. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan fage ƙaramin abu ne. Ma'aikata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da takardarsa, kowa yana tambayar matar 'ya'yanta nawa, ita kuma dole kowane karo ta sake ambatar wadda ta rasu, alhali tana tsakiyar naƙuda. Babu wanda ya zage ta. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Villarosa ta bar tambayar tana maimaita kanta har mai karatu ya ji nauyinta a ƙirjinsa, kuma wannan ya fi dogon wa'azi tasiri.

Ta kuma san inda za ta tono tarihi. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin yoyon fitsari, ciwon da ake yi wa mata aikinsa a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina da wasu cibiyoyi na arewa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne cewa likita J. Marion Sims ya gwada dabarar ɗinke wannan ciwo ne a jikin bayi mata a Montgomery ta jihar Alabama, tsakanin 1845 da 1849, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata aiki kusan sau 30. Sai a 2018 aka cire gunkinsa daga bakin lambun Central Park na New York. Tunanin da ya halatta wannan aiki, cewa baƙar fata ba ya jin zafi kamar sauran mutane, bai mutu tare da Sims ba. Wani bincike na Jami'ar Virginia a 2016 ya gano cewa kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin irin waɗannan camfe-camfe, har da cewa fatar baƙi ta fi kauri.

Ga wanda zai ce ai abin a jini yake, littafin ya tanadi amsa. Arline Geronimus ta kawo ra'ayin da zan kira zaizayar jiki tun 1992: kamar yadda ruwan sama yake cin gindin katanga kaɗan-kaɗan, haka fargaba da wulaƙancin yau da gobe suke cin jijiya da zuciya. A 1997 likitoci biyu, Richard David da James Collins, suka duba bayanan haihuwa na jihar Illinois, suka tarar cewa jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa Amurka sun fi kusa da jariran fararen fata a nauyi, fiye da jariran baƙaƙen da aka haifa a can. Jinin ɗaya ne, ƙasar da aka girma a cikinta ce ta bambanta.

To, ina matsalar take? Tana cikin tauraruwar da wannan nau'in rubutu ya zaɓa ta ɗauki hujjarsa. A Amurka, duk wanda ya ce launin fata yana kashe mata, amsar da ake ba shi ita ce talauci ne yake kashe su. Don a toshe wannan kafa, sai marubuta suka koma neman macen da ba za a iya kiranta matalauciya ko jahila ba. Serena Williams ta haihu ta hanyar tiyata a watan Satumban 2017. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa, ta gane alamar gudan jini a huhu domin ta taɓa fama da shi, ta nemi a yi mata hoton ƙirji a ba ta maganin tsinka jini, ma'aikaciyar jinya ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Da aka yi hoton, aka ga gudajin. Dakta Shalon Irving, wadda kafofin ProPublica da NPR suka ba da labarinta a ƙarshen 2017, masaniya ce a Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, kuma bambancin lafiya tsakanin jinsuna shi ne fagen bincikenta. Ta rasu tana da shekara 36, mako uku bayan haihuwa, sakamakon hawan jini, bayan ta yi ta komawa wurin masu duba ta. Alƙaluma ma sun goyi bayan labaran. Rahoton CDC na 2019, wanda ya duba shekarun 2007 zuwa 2016, ya nuna cewa baƙar mace mai digiri ta ninka farar mace mai digiri fiye da sau biyar wajen haɗarin mutuwar haihuwa, har ma ta fi farar macen da ba ta gama sakandare ba. Villarosa kanta, da labarin 'yarta, tana cikin wannan sahu.

Hujja ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ce. Amma kowace dabarar salo tana da kuɗin da ake biya a kanta. Mai karatu da aka nuna masa sau uku, sau huɗu, cewa kuɗi da digiri da inshora mai tsada ba su ceci mace ba, abin da zai tafi da shi gida shi ne cewa inshora ba ta da wani muhimmanci a wannan magana. Na ji wannan fahimta ta fito daga bakin abokan karatuna lokacin da muka tattauna littafin, ni ma kuma sai da ta ɗan kama ni. Ba marubuciyar ce ta faɗi haka ba, kuma ba ta jahilci dokokin ƙasarta ba. Zubin labarin ne ya raba nauyi ta yadda fuskar likita mai gatsali ta samu shafuka, sakin layin doka kuwa ya zama abin da ake wucewa a kansa.

Alhali mafi yawan matan da ake magana a kansu ba su yi kama da Serena Williams ba. Medicaid ce take biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin kowace goma a Amurka, a tsakanin baƙaƙen mata kuwa kusan biyu cikin uku. Duk wata ƙa'ida da aka rubuta a wannan shiri, ko da babu kalmar launi a cikinta, a kan baƙar mace ta fi sauka. Sannan a dubi lokacin da mutuwar take zuwa. Kwamitocin bin diddigin mace-macen haihuwa na jihohi 36 sun tattara bayanan 2017 zuwa 2019, suka gano cewa kashi 53 cikin 100 na mace-macen sun faru ne tsakanin mako ɗaya da shekara ɗaya bayan haihuwa, kusan kashi 30 kuma bayan an wuce kwana 42. Fiye da kashi 80 cikin 100, in ji su, ana iya hana aukuwarsu. A tsakanin baƙaƙen mata, cututtukan zuciya ne a kan gaba, ciki har da raunin tsokar zuciya da kan bayyana makonni ko watanni bayan an sauka. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawansa tsakanin masu jego, har suka tuhumi kanwa da zafin wanka. Ciwo ne mai sanɗa. Mace za ta ga ƙafarta ta kumbura, ta kasa kwanciya rigingine, ta ce gajiyar raino ce. A tsohon lissafin kwana 60, lokacin da take bukatar likitan zuciya, a daidai lokacin ne takardarta take ƙarewa.

Akwai kuma taswira, wadda a ganina ita ce babin da ya kamata a ce ya fi kowanne tsawo. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan doka ɗaya da ta haifi tagwaye. Medicare, ta tsofaffi, gwamnatin tarayya ce take tafiyar da ita da ƙa'ida ɗaya a ko'ina. Medicaid, ta matalauta, an bar wa kowace jiha babban iko a kan wanda ya cancanta da abin da za a biya likita. Dokar lafiya ta zamanin Obama, ta 2010, ta so ta faɗaɗa Medicaid ga duk baligin da abin da yake samu bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci ba, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta ce jiha tana da zaɓin ta ƙi. Jihohi goma suka dage a kan ƙin, kuma bakwai daga ciki, wato Texas, Florida, Jojiya, Alabama, Mississippi, Tennessee da Carolina ta Kudu, suna cikin tsohon yankin bauta, inda baƙaƙen fata suke da yawa. A Texas, mai ciki tana iya samun Medicaid ko da abin da take samu ya kai ninki biyu na ma'aunin talauci, amma uwa marar ciki sai in samunta bai kai kashi 20 cikin 100 na ma'aunin ba. Ma'anar wannan ita ce jiha tana kula da mace ne a matsayin mazubin jariri. Tana shiga ciki da hawan jini ko ciwon sukarin da ba a taɓa aunawa ba, tana fita daga jego ta koma inda ta fito. Binciken Erica Eliason na 2020 ya nuna cewa faɗaɗa Medicaid ya zo tare da raguwar mace-macen haihuwa, kuma raguwar ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen mata. Idan ana neman wariyar launin fata da za a iya nunawa da yatsa, mai kwanan wata da sa hannu, ga ta nan.

Tarihi ma ya taɓa gwada ƙarfin wannan makami. Kafin 1966 asibitoci da yawa a kudancin Amurka suna raba ɗakunan jinya bisa launi, wasu ba sa karɓar baƙi sam. Da gwamnatin tarayya ta ce asibitin da bai daina wariya ba ba zai ga kuɗin Medicare ba, bisa dokar 'yancin jama'a ta 1964, cikin 'yan watanni aka cire allunan. Zukatan likitocin ba su sauya a wannan ɗan lokaci ba, aljihunsu aka taɓa. Villarosa tana da nata misalin da yake nuna ɗaya fuskar kuɗin gwamnati: 'yan mata biyu na gidan Relf, masu shekara 14 da 12, waɗanda aka yi wa aikin hana haihuwa na dindindin a 1973 a Montgomery ta hannun wata cibiya da tarayya take ɗaukar nauyinta, bayan mahaifiyarsu da ba ta iya karatu ba ta yi alama a kan takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Kuɗin hukuma ya buɗe ƙofar asibiti, kuɗin hukuma kuma ya biya wuƙar. Duka biyun suna cewa a sa ido a kan takardar biya.

Dole in kawo abin da yake karya mini gwiwa, domin yana nan. A Birtaniya kowa yana zuwa asibiti kyauta, duk da haka rahoton MBRRACE na 2018 ya nuna cewa baƙar mace ta ninka fara kusan sau biyar wajen mutuwar haihuwa. A birnin New York, Elizabeth Howell da abokan aikinta sun gano a 2020 cewa a cikin asibiti ɗaya baƙaƙen mata sun fi fuskantar munanan matsalolin haihuwa, kuma nau'in inshorarsu bai bayyana dalilin ba. Nan Villarosa ta yi gaskiya, katin inshora ba ya sa a saurari mace. Sai dai ita Howell ɗin ce ta nuna a 2016 cewa kusan rabin tazarar da ke birnin ana iya danganta ta da asibitin da mace ta haihu a ciki, kuma a faɗin ƙasar kusan kashi uku cikin huɗu na baƙaƙen mata suna haihuwa ne a kashi ɗaya cikin huɗu na asibitoci. Wane asibiti ne yake kusa, wane likita ne yake karɓar Medicaid da ɗan abin da take biya, wane ɗakin haihuwa ne aka rufe a karkara saboda ba ya kawo riba, duk tambayoyin kuɗi ne. Haka kuma ninki daban yake da adadin gawa. A 2021, cikin annobar korona, baƙaƙen mata kusan 70 ne suka mutu cikin kowace haihuwa 100,000, farare kusan 27. A 2023 na baƙaƙe ya sauko zuwa kimanin 50, na farare bai kai 15 ba. Ninkin ya ƙaru, amma matan da aka binne sun ragu. Rubutun da ya ƙura wa ninki ido kaɗai zai iya raina matakin da ya bar ɗaruruwan mata da rai don kawai bai rufe tazarar ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa ƙwararriyar marubuciya irin wannan ba ta ba rana ta sittin da ɗaya fage irin wanda ta ba ɗakin haihuwar New Orleans ba. Ina jin amsar tana cikin bukatun labari kansa. Labari yana son fuska biyu a ɗaki ɗaya, mai roƙo da mai hanawa. Rana ta sittin da ɗaya ba ta da wannan. Wasiƙa ce take zuwa a ambulan, ko mai sayar da magani ya duba kwamfuta ya ce katin ya daina aiki. Matar ba ta yi faɗa da kowa ba, lissafi kawai ta yi tsakanin kuɗin haya da kuɗin ganin likita, ta fasa zuwa. Wadda likita ya wulaƙanta tana da fayil da ɗan jarida zai iya karantawa, wadda ba ta koma ba kuwa babu abin da aka rubuta a kanta. Mu ma a namu littattafan haka muke yi. In maijego ta mutu a labari, kishiya ce ko uwar miji ko mijin da ya hana ta zuwa awo, kuɗin jini da na tiyata da aka ce a ajiye kafin a taɓa ta kuwa layi ɗaya ake ba su. Mugun da ba shi da fuska yana da wuyar rubutawa, amma wahalar ba ta sauke wa marubuci nauyi ba.

Wani zai ce, mutumin da a ƙasarsa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya yake nuna mace kusan 1,000 tana mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000, me ya kai shi jimamin 50? Na yi wa kaina wannan tambaya, kuma ban ga dalilin da zai sa mai babban rauni ya ƙi duba yadda ƙaramin ya faro ba. Tun 2022 Nijeriya take da dokar da ta wajabta inshorar lafiya, kuma yanzu ne ake rubuta ƙa'idojin wa ya cancanta, har yaushe, a wace jiha. Amurka ta riga mu gano cewa a cikin irin waɗannan ƙananan layuka ake raba mutane.

Littafin ya fito ne a daidai lokacin da lissafin kwana 60 ya fara rushewa. Wata doka ta 2021 ta ba jihohi damar tsawaita Medicaid zuwa wata 12 bayan haihuwa daga Afrilun 2022, kuma kusan dukkansu sun karɓa, har da Texas da Mississippi da suka ƙi babbar faɗaɗawar. Ba na shakkar cewa labarai irin na matar New Orleans suna cikin abin da ya tura 'yan majalisa, kuma wannan ya isa abin alfahari ga kowane marubuci. Sai kuma a ranar 4 ga Yulin 2025 aka sa hannu a kan wata dokar da ta zaftare ɗaruruwan biliyoyin daloli daga Medicaid cikin shekara goma, ta kuma ɗora wa manyan da suka shiga ta ƙofar faɗaɗawa sharaɗin nuna shaidar aiki na awa 80 a wata. An keɓe masu ciki da masu jego daga sharaɗin. Macen da ba ta riga ta ɗauki cikin ba, wadda jininta yake hawa a hankali ba ta sani ba, ba ta cikin waɗanda aka keɓe saboda wannan dalili.